Yadda Zaka Karanta Tsarin Nanokulasta Ka Gane Inda Aikin Yake Faruwa A Kan Ilektirod

Idan kana digiri na biyu ko na uku a kimistiri, ko kuma dai kana bibiyar binciken da ake fitarwa kan katalis, wato abubuwan da ke hanzarta riyakshan, masu aiki da wutar lantarki, to babu makawa ka ci karo da irin su Au25(SR)18, Au38(SR)24, PtAu24 da sauran danginsu. Abinda nake so in nuna maka dan uwa shine yadda zaka dauki kulasta guda daya ka bi shi daki-daki har ka iya cewa a nan aikin yake faruwa, ga dalilin da yasa wannan ya fi wancan, sannan ga yadda zan tabbatar ba yaudarar kaina nake ba. Kuma tun yanzu in fada maka matsayata, hoton kiristal din nan mai kyau da ake sakawa a shafin farko, sau da yawa ba shi ne yake aiki a kan ilektirod ba. Daga shi ake farawa, amma da zarar an kunna wuta abubuwa suna canzawa.

Nanokulasta dai dunkulen atam ne na karfe, daga 'yan goma zuwa 'yan daruruwa, fadinsa bai cika wuce nanomita 2 zuwa 3 ba, an lullube shi da wasu molekul da ake kira ligan wadanda suke hana shi mannewa da dan uwansa. Abinda ya raba shi da nanofatikul na yau da kullum shine kirga. A kwalbar nanofatikul wani yana da atam 300 wani 500, matsakaici kawai ake fada maka, amma a kwalbar Au25(SR)18 kowane guda zinare 25 ne da tayolet 18, wato SR din, ligan mai salfa, ba kari ba ragi. Shi yasa masu binciken katalis suka rungume shi, domin zaka iya canza atam daya tak ka ga me ya faru. Tun 1987 Masatake Haruta a Japan ya nuna cewa zinare, wanda kowa ya dauka ba ruwansa da riyakshan, yana kona CO idan aka kankanta shi. A 1994 Brust da Schiffrin a Liverpool suka fitar da hanyar hada zinare da tayol, molekul din da tayolet yake fitowa daga gare shi, cikin sauki. Sai a 2007 dakin gwajin Roger Kornberg a Stanford ya fitar da cikakken tsarin Au102 mai ligan 44, shekara daya bayan haka rukunin Royce Murray da na Rongchao Jin kowanne ya fitar da na Au25. Daga nan kofa ta bude.

Ka fara da bude tsarin da idonka

Kar ka tsaya kan hoton da marubuta suka zaba maka. Ka nemo fayil din CIF na kulastan, wato fayil din da ke dauke da matsayin kowane atam, yawanci yana ajiye a ma'ajiyar kiristal ta Cambridge, ka bude shi da Mercury ko VESTA, dukkansu ana samun su kyauta. Da farko ka boye kabon da haidirojin gaba daya, ka bar karfe da salfa kawai. Idan Au25 ne zaka ga atam daya a tsakiya, 12 sun kewaye shi sun yi dunkule mai fuska 20, wato zuciyar Au13 kenan, sannan a waje akwai wasu maratayai guda 6 kowanne da salfa uku da zinare biyu a jere, S-Au-S-Au-S, sun kama zuciyar ta gefe biyu. Ka kirga, 13 da 12 ya baka 25, shida sau uku ya baka 18. Zinaren waje 12 din nan sun zauna ne a saman fuskoki 12 daga cikin 20, saura 8 ba kowa a kansu.

To yanzu sai ka dawo da kabon da haidirojin din, ka sauya zuwa yanayin da yake nuna kowane atam da cikakken girmansa, ka juya shi ta kowane bangare. Anan ne ido yake budewa. Zaka ga zinaren da kake ta murnar yana waje kusan duk ligan sun rufe shi, sai dan rami nan dan rami can. Tambayar da zaka rike daga nan har karshe ita ce, ta ina CO2 ko O2 ko furoton zai bi ya taba karfe? Mutane da yawa suna kawo lissafin cewa a dunkulen atam 13 guda 12 suna waje, a na 55 guda 42, a na 147 guda 92, saboda haka karami ya fi fili. Lissafin gaskiya ne, amma na kulasta tsirara ne, wanda aka lullube da tayolet labarinsa daban.

Sai kirgan ilektiron

Wannan baya cin minti biyu amma yana fada maka abubuwa da yawa. Kowane zinare ko azurfa ko tagulla yana bada ilektiron daya, kowane tayolet ko kilorin yana dauke daya, fosfin, wato ligan mai fosfaras, baya dauke komai, sai ka gyara da cajin kulastan. Au25(SR)18 mai caji -1: 25 a debe 18 a kara 1, ya zama 8. Au102 mai ligan 44 ya bada 58. Lambobi irin su 2, 8, 18, 34, 58 sune cikakkun bawo, kulasta mai irin wannan adadi yana zama daram kamar atam din da bawonsa ya cika, wannan shine tunanin da Hannu Häkkinen da abokan aikinsa suka shimfida a 2008. Amfaninsa gare ka shine, kulastan da bawonsa ya cika baya marmarin karbar wani ilektiron, sai ka matsa masa da bolt mai yawa, wanda kuma yake da gibi yana karba da wuri. A aikin ilektirod wannan kusan shine rabin labarin.

Kuma ka lura da caji, domin Au25 yana zama a -1, 0 da +1 ba tare da kwarangwal dinsa ya rushe ba. Douglas Kauffman da abokansa a dakin gwajin makamashi na NETL a Pittsburgh, su ne a 2012 suka nuna Au25 yana mayar da CO2 zuwa CO da kyau sosai, daga baya suka gwada cajin guda uku suka ga mai -1 ya fi a aikin CO2, mai +1 kuma ya fi a kona CO. Atam iri daya, ligan iri daya, yawan ilektiron ne kawai bambancin. Idan zaka duba cajin naka, UV-vis, wato awon hasken da kulastan yake tsotsa, ya isa: Au25 yana nuna tudu wajen 400, 450 da 670 nm, mai -1 yana da wata 'yar kafada wajen 800 nm wadda take bacewa idan iska ta cinye masa ilektiron ya koma 0, kuma hakan yana faruwa a cikin kwalba ko ba ka taba shi ba.

Ka san abinda riyakshan din yake bukata

Ba a cewa katalis yana da kyau haka kawai, sai dai a ce yana da kyau a wane aiki. Kowane riyakshan yana da wani dan tsaka-tsaki da dole ya manne a jikin karfe na dan lokaci. A aikin fitar da haidirojin, H ne dan tsaka-tsakin. A mayar da CO2 zuwa CO, COOH ne yake fara mannewa sannan CO ya saki. A rage oksijin akwai OOH, O da OH, kuma hanya biyu ce, ta ilektiron 4 mai bada ruwa da ta ilektiron 2 mai bada H2O2. Ka'idar Sabatier ta ce rikon kar ya yi karfi kar ya yi sako-sako. Kamar bencin mai shayi ne, in babu dadin zama ba wanda zai zauna, in kuma ya yi dadi da yawa mutum daya zai kwana a kai ciniki ya tsaya. A haidirojin ana son makamashin rikon H ya kusanci sifili. Duk wani canjin tsari da zamu yi magana a kai, girma ne, siffa ce, sauya atam ne, a karshe wannan rikon yake tabawa, ko kuma hanyar isa wurin rikon.

Girma, amma kar ka yarda da layi mikakke

An saba cewa karami ya fi, kuma akwai hujja, a 2009 Wei Chen da Shaowei Chen sun gwada Au11, Au25, Au55 da Au140 a rage oksijin cikin ruwan alkali suka ga aikin yana karuwa yayin da girma yake raguwa. Amma in ka mayar da wannan doka zaka sha mamaki. Misalin da na fi so shine na rukunin Kimihisa Yamamoto a Tokyo, a 2013 suka kwatanta Pt12 da Pt13 a rage oksijin. Pt13 shine mai lambar alfarma, dunkule cikakke mai kyan gani, Pt12 kuwa karkatacce ne ba fasali. Pt12 din ne ya fi, fiye da ninki biyu. Atam daya ya sauya siffar gaba daya, siffar ta sauya yadda oksijin yake mannewa. A wannan girman ba gangare ake bi ba, tsalle ake yi, kowane adadi da halinsa. Ko iyakar da kulasta yake daina zama kamar molekul ya koma karfe sosai haka take, rukunin Jin sun nuna Au246 yana da gibin makamashi irin na molekul amma Au279 ya riga ya zama karfe.

Saboda haka in kana kwatanta girma biyu ka tambayi kanka, girman ne kawai ya canza? Daga Au25 zuwa Au38 zuciya ta tashi daga dunkule daya ta koma biyu a hade masu atam 23, irin maratayan ya canza, ilektiron ya tashi daga 8 zuwa 14, caji ya canza. Abu hudu ka canza ba daya ba.

Gwajin da ya fi tsafta shine wanda aka rike adadi aka canza siffa. Akwai Au25 iri biyu, mai kwallo da muka bude dazu, da kuma mai sanda wanda dunkule biyu na Au13 suka hadu a atam daya, da fosfin 10, tayolet 5, kilorin 2 da caji +2. A 2018 an kwatanta su a aikin CO2, mai kwallo ya fi bada CO. Bayanin da aka bayar ya hada da cajinsa na -1 da kuma cewa ya fi saukin sakin ligan ya bude wuri. Ka ga ko a nan ma, da sunan siffa aka shiga, aka bullo a ligan.

Sauya atam daya

Anan ne wadannan kulastoci suka fi kowa. Ka cire zinaren tsakiyar Au25 ka saka filatinam, ka samu PtAu24(SR)18. Daga waje ba zaka bambance su ba, filatinam din yana can ciki a binne. Amma ka yi kirgan dazu, filatinam baya bada ilektiron a wannan lissafin, 24 a debe 18 saura 6, gibin ilektiron biyu kenan kafin ya cika 8, don haka yana karbar ilektiron a bolt mai sauki sosai fiye da Au25. A 2017 rukunin Dongil Lee na jami'ar Yonsei a Koriya ta Kudu suka nuna yana fitar da haidirojin fiye da Au25 nesa ba kusa ba, lissafin kwamfuta kuma ya nuna rikon H ya matso kusa da sifili. Da aka jera su, PtAu24 ne a gaba, PdAu24 na biye, Au25 a baya.

Abinda zaka yi in an ce an sauya atam shine ka nemi inda bakon ya zauna. Filatinam da faladiyam tsakiya suke zuwa, azurfa ta fi son saman zuciyar, wasu kuma suna iya zama cikin maratayai. Na tsakiya ta hanyar ilektiron yake tasiri, na waje shi da kansa zai iya zama wurin aiki. Sannan ka duba mas sipektira, wato awon nauyin kulastocin, da kyau, azurfa musamman bata shiga daya tak, zaka ga jerin tudu na masu 3, 4, 5, cakuda kenan, kuma duk wanda ya ce maka ga tasirin atam daya alhali cakuda ya gwada to maganarsa tana da rauni.

Ligan, inda rigimar take

Nan nake so ka fi dadewa. In ka dauki cikakken Au25 da ligan 18 dinsa ka saka a lissafin kwamfuta na DFT, COOH baya son mannewa ko kadan, bolt din da lissafi yake nema ya fi wanda ake gani a gwaji da nisa. To ta yaya yake aiki a zahiri? A 2016 Alfonso, Kauffman da Matranga suka ce sai in tayolet daya ya fita ya bar zinare a bude, da suka yi lissafin haka sai lambobi suka matso kusa da gwaji. A 2018 rukunin Giannis Mpourmpakis a Pittsburgh suka kawo wata fuskar, cewa watakila ba duka tayolet din ne yake fita ba, jelar kabon ce kawai take yankewa ta bar salfa a wurin, salfar ce take rike COOH. A 2021 kuma rukunin Lee suka gwada Au25, Au38 da Au144 suka nuna kulastocin suna bukatar a fara tada su da wuta, suna zubar da wani bangare na tayolet, kuma zinaren da ya bude shine wurin aikin. Ni a ganina wannan muhawarar ita ce mafi amfani a fagen nan gaba daya, domin ta tilasta kowa ya yarda cewa abinda aka zuba a kan ilektirod da abinda yake aiki bayan minti goma ba lallai su zama abu daya ba.

Amma kar ka dauka ligan cikas ne kawai da za a kona a huta. Wasu suna gasa kulastan a kan kabon don su cire ligan duka, eh wuri yana budewa, amma atam din suna fara yawo suna haduwa, sai ka wayi gari da nanofatikul kana kiransa Au25. Sannan ligan yana da nasa aikin: doguwar jela mai kin ruwa tana rage ruwa a kusa da karfe, abinda zai iya danne haidirojin ya ba CO2 dama, mai zoben benzin yana sauya yawan ilektiron a kan karfen, mai kauri yana toshe hanya, gajere yana barin ilektiron ya wuce da sauki. Wani lokacin ma ligan din shine dan wasan. A kulastan tagulla Cu32H20 mai ligan 12, wanda aka yi nazarinsa a 2017 tare da De-en Jiang, haidirojin din da suke cikin jikin kulastan su ne suke fadawa kan CO2 su bada fomik asid a karamin bolt, sannan wuta da furoton su sake cike gurbin. A hoton kiristal na X-ray haidirojin da kyar ake ganinsa a kusa da karfe mai nauyi, don haka in kana aiki da tagulla ko azurfa da aka hada da borohaidiraid ka sa a ranka zai iya kasancewa a ciki.

In ka shiga dakin gwaji

Ka tabbatar da tsaftar kulastan kafin komai, UV-vis da mas sipektira, in zai yiwu ka yi kiristal. Ka hada tawadar da bakin kabon irin Vulcan XC-72 da dan Nafion, kar ka cika lodi, domin tazarar da ke tsakanin kulasta da kulasta ita ma tana canza sakamako, rukunin Matthias Arenz sun nuna haka da kananan filatinam a 2013. Ka gwada kabon din shi kadai ba kulasta. In haidirojin kake aunawa kar ka saka wayar filatinam a matsayin ilektirod na daya gefen, tana narkewa kadan-kadan ta zo ta zauna a kan samfurinka sai ka ga aiki yana ta kyau kana murna, ka yi amfani da sandar girafait. Duk bolt ka mayar da shi ma'aunin RHE, wato ma'aunin ilektirod din haidirojin, in Ag/AgCl mai cikakken KCl kake amfani da shi ka kara 0.197 sannan ka kara 0.059 sau pH, kuma ka auna pH din bayan ka busa gas, 0.1 M KHCO3 da ya koshi da CO2 yana sauka wajen 6.8. Ka gyara asarar juriyar ruwan, ka kuma rubuta nawa ka gyara.

Wajen bada rahoto, bolt din da ake bukata a kai 10 mA a kowane cm² da gangaren Tafel, wato karin bolt din da karant yake bukata ya ninka sau goma, suna da amfani, kusan 120, 40 ko 30 mV suna nuni da matakin da yake jan kafa a haidirojin, amma basu isa a kwatanta tsari da tsari ba. Tunda ka san adadin atam daidai, ka raba karant din da adadin kulastocin da ka zuba, daga nan ka lissafa sau nawa kowanne yake yin riyakshan din a dakika. Wannan gata ce da mai nanofatikul bashi da ita, abin takaici ne ka ga an yi watsi da ita an raba da fadin ilektirod kawai. A aikin CO2 ka auna abinda ya fito, gas da na'urar GC, ruwa da na'urar NMR, ka hada kason Faraday, wato kason wutar da ya tafi ga kowane abu da ya fito, ka ga ko ya kusa 100. Ka sake gwajin a karkashin argon ba CO2, in har yanzu CO yana fitowa to daga ligan ko kabon yake zuwa, in kuma da hali ka yi da CO2 mai kabon 13 ka ga ko alamar ta bayyana a cikin CO din. A rage oksijin ka yi amfani da ilektirod mai juyawa mai zobe don ka kama H2O2.

Bayan an gama kar ka jefar da ilektirod din. Ka wanke kulastan daga kai da sinadarin da yake narkar da shi, tolwin ko daikuloromitan in ligan din mai kin ruwa ne, ka sake yin UV-vis da mas sipektira ka dora a kan na farko. Ka duba rabon salfa da zinare da XPS, awon X-ray na saman samfuri, kafin da bayan, in ya ragu ligan sun fita, ka kiyasta nawa. Ka duba girma da madubin ilektiron na STEM ko sun dunkule. Ka dai sani wanda ya wanku ya dawo cikin kwalba shine wanda bai lalace ba, wanda ya zubar da ligan yana iya makalewa a kan kabon, don haka ka duba kabon din ma bayan wankin. In dakin gwajinku yana da alaka da wata cibiyar sinkirotiron mai samar da X-ray mai karfi, ka nemi lokacin awon XAFS a auna alakar Au-S da Au-Au ana cikin bada wuta, a bolt din da aikin yake farawa da kuma wanda ya dan wuce shi.